Zaman Iyayen Yara Masu Sikila a Garwa: Abin da Na Gani Cikin Shekara Ɗaya da Rabi

Wata goma sha takwas ke nan ina halartar zaman da ake shirya wa iyayen yara masu ciwon sikila a wani ƙaramin asibiti a nan Garwa, a arewacin Kamaru. Tun da aka san ina zuwa, mutane sukan tsaya a bakin shagona su tambaye ni a asirce ko zuwan yana da amfani, kuma sau da yawa mai tambayar yakan ce don ɗan wani ɗan'uwansa yake tambaya, alhali idanunsa suna nuna cewa ciwon a ɗakinsa yake kwana. Saboda irin waɗannan bayin Allah na ga ya dace in rubuta abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, domin akwai koke-koke a cikin maganata, kuma masu ɗauke da wannan aiki mutane ne ƙalilan waɗanda suke yin sa a ranar da ya kamata su huta.

Zaman ba ganin likita ba ne. Ba a yin allura, ba a rubuta magani, ba a ɗibar jini. Sau ɗaya a wata, ranar Asabar da hantsi, ake shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke bayan ɗakin kwantar da yara, wata malamar jinya mai manyan shekaru ta zauna tare da wata matashiya ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, iyaye kuma su kewaye su, wani lokaci mu kai talatin, wani lokaci kuma, musamman idan damina ta kankama aikin gona ya ɗauke mutane, ba mu wuce goma ba. Yara suna can gefe a inuwar darbejiya suna wasa. Wanda ake dubawa a wurin shi ne uba da uwa, wato yadda suka ɗauki ciwon a zuciyarsu, da abin da suke yi da hannunsu da bakinsu da fuskarsu a lokacin da ya tashi. Da uwargidana ta fara kawo mini labarin, cewa na yi ɓata lokaci ne, domin yarinya ce ba ta da lafiya, ni kuwa lafiyata ƙalau, kuma ranar Asabar ranar ciniki ce. Sai da ta je sau uku ita kaɗai kafin na yarda na bi ta.

'Yarmu tana da shekara takwas yanzu. Tana da wata goma a duniya hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta yi kwana uku tana kuka, ko taɓa ta aka yi sai ta ƙara tsanyara. Kafin ita mun binne ɗa namiji ɗan shekara uku, wanda zazzaɓi ya kama da yamma, kafin azahar ta washegari aka ce jininsa ya ƙare, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a taɓa gwada nau'in jininsa ba. Tsofaffin gidanmu suka fara maganar wabi, wasu suka kawo maganar mayu. Sai da yarinyar ta cika shekara biyu aka yi mata gwaji, likita ya rubuta wata doguwar kalmar Faransanci a karnenta na asibiti, direfanositoz, wato abin da muke kira sikila ko amosanin jini. Daga ranar har tsawon shekara huɗu da rabi gidanmu ya zauna a kan tsari ɗaya: idan ciwon ya tashi yarinya ta yi kuka, uwarta ta rungume ta ita ma ta fashe da kuka, ni kuma in rasa inda zan sa raina, in yi ta faɗa a kan wane ne ya bar ta ta taka ruwa, ko in fice ƙofar gida in tsaya a cikin duhu. Duk wanda ya zo dubiya kalma ɗaya yake bar mana, sai haƙuri, kuma gaskiya ya faɗa, amma babu wanda ya taɓa nuna mana abin da mai haƙuri yake yi da hannunsa da ƙarfe biyun dare.

Ranar da na fara zuwa, malamar ta fito da ƙananan ƙore biyu, ta sa ƙwayar wake fari ɗaya da ja ɗaya a kowanne, ta ce wannan ƙwarya uba ce, wannan uwa, kuma kowannensu AS ne, lafiyarsa ƙalau amma yana ɗauke da iri. Ta sa wata mata ta rufe ido ta ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya, aka duba, aka mayar, aka sake, har sau ashirin ko fiye, ana ƙirgawa. Duk lokacin da ja biyu suka haɗu sai ta ce wannan yaro SS ne, wato mai sikila. Da haka kowa ya gani da idonsa cewa ba yadda za a yi ja biyu su fito daga ƙwarya ɗaya, kuma cewa kashi ɗaya cikin huɗun da ake faɗa na yiwuwar haifar mai sikila a kan kowane ciki yake, ba a kan jimillar 'ya'yan gida ba, shi ya sa wani gida za a haifi uku a jere masu ciwon, wani gida a haifi shida babu ko ɗaya. Wata mata da ke kusa da uwargidana ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka, daga baya ta ce shekara tara ke nan uwar mijinta tana ce mata ita ta kawo musu mugun jini cikin zuri'a. Ni ban taɓa faɗa wa matata haka da baki ba, amma na san na taɓa saƙa shi a zuci, kuma na san ta sani. Ko da wannan wasan wake kaɗai aka yi a wurin, da ya isa a rufe shago a je.

Bayanin ciwon kansa ana yin sa a taƙaice kuma ana maimaita shi kusan kowane zama saboda sababbin zuwa. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa daga kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, shi ya sa jininsu kullum a ƙasa yake kuma idanu sukan yi ɗorawa. Idan jiki ya rasa ruwa, ko sanyi ya buge shi, ko zazzaɓi ya shiga, ko gajiya ta yi yawa, ƙwayoyin sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan azabar ƙashi take fitowa. Wanda ya san garin nan ya san cewa duk waɗannan muna da su a jere: zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, sauron damina, sannan hunturun Disamba da Janairu. Malamar takan ce mai ɗa da sikila a bakin Binuwai ba shi da watan hutu, sai dai ya san abin da kowane wata yake tafe da shi.

Abin da ya fi sauya gidanmu shi ne abin da suke kira shirin dare. An sa kowane gida ya tanadi wuri ɗaya, mu a cikin wani tsohon kwanon sha mai murfi muka yi namu, a ajiye ma'aunin zafin jiki, da maganin rage ciwo wanda likita ya rubuta adadinsa gwargwadon nauyin yaro, da ƙaramin tawul, da tocila, da karnen asibiti, da lambar masu babur biyu waɗanda aka riga aka yi magana da su cewa za a iya tashinsu cikin dare, da kuɗin da ba a taɓawa ko da cefane ya yanke. An koya mana abin da ake yi a gida: ruwa ko kunu mai ɗumi kaɗan-kaɗan ba ƙaƙƙautawa, gashi da tawul mai ɗumi, tausa a hankali, kuma kada a kuskura a sa ƙanƙara ko ruwan randa a inda yake ciwo. An kuma koya mana abin da ba a jira gari ya waye a kansa: zafin jiki da ya kai 38.5, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, ciki ya kumbura ta gefen hagu, hannu ko ƙafa su mutu ko baki ya karkace, ciwon kai mai tsanani, da kuma, ga yara maza, gaba ta miƙe ta ƙi kwanciya tana ciwo. Malamar ta kama hannun kowannenmu ta ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarin yaronsa na hagu, ta nuna mana yadda ake laluben saifa, ta ba mu ɗan tsinken katako da aka yi wa alama a inda saifar take tsayawa ranar da yaro yake lafiya, domin idan ta zarce alamar a san jini yana taruwa a cikinta, a ruga asibiti. Lokacin da na ji wannan bayani na tuna da cikin ɗana na fari a daren da ya rasu, kuma ban iya ci gaba da zama ba sai da na zagaya bayan rumfa.

Amfanin shirin bai tsaya ga saurin zuwa asibiti ba. Na lura cewa mafi yawan firgicin da yake kama ni a da, rashin sanin abin yi ne. Duk kukan da yarinya ta yi, mutuwa nake gani. Yanzu idan ta farka tana kuka, akwai abin da hannuna yake fara yi, in auna zafi, in duba ido, in laluba saifa, in tambaye ta numfashi, kuma kafin in gama waɗannan na riga na san ko daren na gida ne ko na asibiti. Zuciyar da ta san wannan ba ta bugawa irin ta wanda bai sani ba.

A nan ne aikin matashiyar nan ma'aikaciyar jin daɗin jama'a yake shigowa, kuma a nan ne na fi yin gardama da farko. Ta ce mana yaro ƙarami ba ya da ma'aunin da zai gane girman abin da ya same shi, don haka fuskar uwa da uba yake dubawa ya karanta, ta kawo karin maganar da kowa ya sani, labarin zuciya a tambayi fuska, ta ce 'ya'yanku sun fi kowa iya wannan tambaya. Idan yaro ya ga uwa ta ɗora hannu a ka tana salati da kuka, uba yana kai da kawowa yana faɗa, to an gaya masa cewa abin ya fi ƙarfin manya, tsoro ya hau kan ciwo, jiki ya ɗaure, numfashi ya gajarce, azabar ta ƙaru. Ta koya mana jan numfashi a hankali ta hanci har ciki ya taso, a sake shi a hankali ta baki, sau goma, kafin a shiga ɗakin yaro, sannan a koya wa yaron ya yi tare da kai. Wani dattijo ya ce shi da tasbihi ya saba, ta ce masa, “Baba, ai sai ka haɗa su, kowane numfashi da tasbihinsa,” kuma tun daga ranar haka yawancinmu muke yi.

Ta ba mu labarin wani bincike da wata malama mai suna Lynn Walker da abokan aikinta suka wallafa a 2006 a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. An sa yara, masu fama da ciwon ciki da masu lafiya, su sha ruwa har cikinsu ya cika ya dame su, sannan aka koya wa wasu iyayen su riƙa tambaya da jajantawa a kan abin da yaron yake ji, wasu kuma su ɗauke masa hankali da wata hira. Koke-koken yaran da aka yi ta jajanta wa sun kusa ninkawa, na waɗanda aka ɗauke wa hankali kuwa sun ragu da rabi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne cewa iyayen yara masu ciwon sun ɗauka ɗauke hankalin ne zai cutar da 'ya'yansu, alhali yaran da kansu sun ce shi ya fi sa su jin sauƙi. Dole in yaba wa malamar jinyar a nan, domin nan take ta ja mana kunne cewa ciwon sikila ba cikar ciki da ruwa ba ne, azaba ce ta gaske wadda takan kai a ba da allura mai ƙarfi, kuma duk wanda ya ce wa yaronsa raki yake yi ya zalunce shi. Ka gaskata shi, ka ba shi magani a kan lokaci, ka duba alamomin haɗari, sannan bayan haka ka daina tambayarsa kowane minti ko yana ciwo.

Na gwada wannan a wani daren Janairu da iska take kaɗawa. Yarinya ta farka wajen ƙarfe ɗaya da rabi tana riƙe da ƙwaurinta na dama. Na tsaya a bakin ƙofa na ja numfashina, na shiga, na auna ta 37.4, ido da ja-jansa, saifa a inda take, numfashi daidai. Uwarta ta ba ta magani ta ɗora ruwa a wuta. Na zaunar da ita a cinyata ina gasa mata ƙafar, na ce, “Uwata, gobe wace atamfa za mu rataya a gaban shago, mai ganye ko mai tsuntsaye?” Tana kuka ta ce mai tsuntsaye. Na ce tsuntsaye nawa ne a jikinta, ta ce ba ta ƙirga ba, muka shiga gardamar ko bakwai ne ko tara, tana shan kunu tana sheshsheƙa. Ciwon bai tafi ba, ya kai kwana biyu kafin ya sake ta, amma ta yi barci kafin kiran assalatu, abin da bai taɓa faruwa ba a irin wannan dare. Da safe ta ce wa uwarta, “Jiya Baba bai fita waje ba.” Ashe duk shekarun nan tana ƙirga fitata.

Akwai wani zama da aka yi kan fitsarin kwance wanda nake ganin kowane mai ɗa da sikila yana bukatar jin sa. Da aka tambaya su wane ne 'ya'yansu suke yi, hannuwa kaɗan suka tashi, da malamar ta bayyana cewa ciwon ne yake hana ƙodarsu riƙe ruwa yadda ya kamata, don haka fitsarinsu yake da yawa dare da rana, sai ga hannuwa sun ƙaru. Iyaye da dama suka amsa cewa suna duka a kai, wasu kuma suna hana yaro ruwa tun daga la'asar, wanda kuwa kiran ciwon ne da hannu biyu. Haka aka yi wani zaman kan magungunan ƙarin jini da ake saya a kasuwa, aka gargaɗe mu cewa ƙarancin jinin sikila ba na rashin sinadarin ƙarfe ba ne, kuma yaron da ake yawan ƙara wa jini ƙarfen taruwa yake yi masa a jiki, saboda haka kada a ba shi sai da izinin likita.

Wani gefen da ban zata ba shi ne yadda suke yaƙi da yawan lallaɓawa. Mun cire 'yarmu daga makarantar allo da ta boko na kusan shekara saboda tsoro, ba ta shara, ba ta wanke-wanke, idan ta yi laifi a ce a bar ta ba ta da lafiya, ƙannenta biyu kuma suna gani ana saya mata lemo su ba a saya musu. Matashiyar ta tambayi uwargidana wata rana, “Yaya, idan Allah ya raya ta ta kai ashirin, wace irin mace kike so ta zama?” Daga nan aka taimaka mana muka rubuta wa malamin ajinsu takarda cewa a bar ta ta riƙa shiga da gorar ruwa, a bar ta ta fita bayan gida duk lokacin da ta nema, kada a tsayar da ita a rana ko a sa ta gudu, kuma a kira mu idan jikinta ya yi zafi. Yanzu tana zuwa makaranta, tana da aikinta na gida daidai ƙarfinta, ana yi mata faɗa idan ta yi rashin kunya, kuma na ga ta fi sakin jiki da 'yan'uwanta fiye da lokacin da muke riƙe da ita kamar ƙwai.

Nauyin da iyaye suke ɗauka ba mu kaɗai muka san da shi ba. Farfesa Ambroise Wonkam, masanin ilimin gado ɗan ƙasar nan, da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2014 kan halin da iyayen yara masu sikila suke ciki a Kamaru, wanda ya nuna yadda ciwon yake taɓa aljihunsu da zaman gidansu da kwanciyar hankalinsu. Dabarun da ake koya mana kuma sun yi kama da na wani tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, mai zama biyar, wanda aka tsara domin ma'aikacin da ba likitan ƙwaƙwalwa ba ya iya koya wa mutane jan numfashi, da rarraba matsala zuwa abin da za a iya yi da wanda ba za a iya ba, da neman taimakon mutane. Wannan na ƙarshe a wurinmu adashi ya zama. Kowane gida yana zuba sefa 500 a wata idan ya samu, kuma wanda aka kwantar da yaronsa ana ba shi rance ba tare da jira ba. Kuɗin ba su da yawa, amma sun taɓa biya mana gwaji da ledar jini ranar da ba ni da ko dala, kuma mazan wurin uku ne suka miƙa hannu aka ɗebi nasu jinin a madadin wanda aka ba 'yata.

Sai dai akwai inda wannan hidima ta gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Na farko harshe. Malamar da Fulatanci take bayani, matashiyar takan zame zuwa Faransanci idan magana ta yi zurfi, Hausa kuwa sai wanda ya ji duka ya juya ya fassara wa na kusa da shi cikin raɗa. Mu da muka tashi a Garwa ba mu da matsala, amma na ga matan da aka auro daga Mubi ko Yola ko wajen Kano suna zaune suna gyaɗa kai ba su fahimci rabin abin da aka faɗa ba, kuma adadin magani da alamomin haɗari ba abin da ake ji rabi-rabi ba ne. Takardar da ake rabawa ma da Faransanci kawai aka buga ta. Sannan rumfar a buɗe take, masu zuwa dubiya suna wucewa suna leƙe, kuma a garin da ake gudun a san gida yana da sikila saboda auren 'yan mata, wannan kaɗai ya hana wasu dawowa. Lokaci ma ba a cika kiyaye shi ba, domin idan aka kawo yaro a mawuyacin hali malamar takan tashi, mu zauna awa ɗaya ko fiye muna jira, kuma sau biyu aka fasa zaman ba tare da an sanar ba, alhali akwai masu tahowa daga Pitoa da bayanta da kuɗin motarsu. Ban ga laifinta ba, laifin tsarin ne da ya ɗora komai a wuyan mutum ɗaya.

Akwai kuma ranar da matashiyar ta yi magana a kan rubutu da tofi cikin sigar da tsofaffin mata suka ji kamar an raina su, kuma uku daga cikinsu ba su sake zuwa ba, alhali su ne masu faɗa a ji a gidajensu. Malamar ta fi ta sanin hannun mutane. Ita cewa take yi a yi addu'a a kan babur ana tafiya asibiti, ta kuma tuna mana da hadisin wanda aka ce ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Abin da take hanawa kai tsaye shi ne tsaga da ƙaho da sakiya, domin yaron da jininsa bai isa ba ba a rage masa.

Rashin maza shi ne ciwon da ya fi damuna. A zaman da ya fi cika ban ƙirga maza sun wuce biyar ba. Ana koya wa uwa ta san cewa zafi 38.5 na asibiti ne, amma kuɗin babur da izinin fita suna hannun wanda bai zo ba, kuma na ji mata da yawa suna cewa sun san abin yi, maigida ne ya ce a bari sai da safe. Idan aka ci gaba a haka, duk wannan koyarwa za ta zama ƙarin kaya a kan wadda kayanta suka riga suka yi yawa, har a wayi gari ana cewa yaro ya sha wuya ne don uwarsa ba ta iya daurewa ba. Na ba da shawara a riƙa yin wani zama na maza zalla bayan la'asar ranar Lahadi, ko a nemi limamai su yi magana a huɗuba kusa da 19 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa sikila tun 2008, amma har yau ba a samu wanda zai ɗauki nauyin ba. Haka kuma babu wani tanadi ga wanda yaronsa ya rasu. Mun yi rashi biyu a cikin wannan lokaci, mun je gaisuwa, daga nan iyayen suka ɓace, domin ba za su iya zama a cikin masu maganar yara rayayyu ba, kuma ba a tanadar musu wani wurin ba.

Abu mafi girma kuwa shi ne cewa natsuwar iyaye ba ta miƙe ƙwayar jini. Akwai magani mai suna hydroxyurea wanda wani bincike da aka wallafa a 2019, a kan yara sama da 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, ya nuna yana rage tashin ciwo da ƙarin jini da zazzaɓin cizon sauro da mace-mace. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano an yi aikin auna gudun jini a jijiyoyin kan yara domin gano waɗanda suke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta faru, a ɗora su a kan wannan magani. A rumfarmu ana ambaton waɗannan abubuwa, amma a cikin gidajen da nake zama da su huɗu ne kawai suke iya sayen maganin a kai a kai tare da gwajin jinin da yake bukata, namu kuma yakan yanke idan ya ƙare a kantin magani ko a aljihuna. Ina tsoron ranar da masu iko za su ga irin wannan zama mai arha su ɗauka an gama da mu. Iyayen da suka koyi tsayuwa da ƙafafunsu su ne ya kamata su fi kowa ɗaga murya a kan magani da gwajin jarirai da gwaji kafin aure, kuma ina ganin ya kamata a ware wani ɓangare na zaman domin wannan.

Duk da haka, wanda ya tambaye ni ko ya je, cewa nake yi ya je, kuma ya je da matarsa, ko ta je da mijinta, idan da hali a ɗauki kakar yaron ma. Ya tafi da karnen asibiti da abin rubutu da gorar ruwa, ya zauna kusa da wanda zai fassara masa, kuma kada ya yanke hukunci sai ya halarci zama uku, domin na farko kunya da kuka sukan cinye shi. Mai yaro da wani ciwon na daban mai daɗewa, kamar farfaɗiya ko ciwon suga ko asma, ba zai samu bayanin maganinsa a nan ba, amma akwai uwa ɗaya mai ɗa da farfaɗiya da take zuwa saboda ɓangaren matashiyar, kuma ba a taɓa korar ta ba.

A bara an kwantar da 'yarmu sau biyu, shekarar da ta gabace ta sau biyar. Ba zan ce zaman ne kaɗai ya jawo haka ba, tun da a tsakanin ne ta fara shan maganin da na ambata, kuma komai da ikon Allah yake. Abin da na tabbata shi ne yanzu ita da kanta take ɗauko kwanon ta miƙo mini ma'auni idan ta ji jikinta ya sauya. Zama mai zuwa na shirin hunturu ne, an ce kowa ya kawo rigunan sanyi da safar da suka yi wa 'ya'yansa kaɗan a rarraba, ni kuma malamar ta ɗora mini in zo da maza biyu. Na samu ɗaya, wani mai gyaran babur a unguwarmu, ya ce zai zo idan na biyo masa da kaina, kuma na ce masa ƙarfe tara zan tsaya a ƙofar garejinsa.